Merlot mai araha: Harshe ne ke ɗanɗano ko farashi?

A ƙauyen Pomerol da ke yankin Bordeaux na Faransa akwai wata gonar inabi mai suna Pétrus, wadda faɗinta bai kai hekta 12 ba. Kwalba ɗaya ta giyar da ake yi a gonar tana cin dubban daloli.

A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, daga 2002 kantunan Trader Joe's sun shafe kusan shekara goma suna sayar da giyar Charles Shaw a kan dala 1.99 kacal, kuma cikin nau'ukanta akwai wadda aka yi da inabin Merlot. Da wannan inabin ne ake yin Pétrus.

Akasarin masu karanta Hausa ba sa shan giya domin addini ya haramta, kuma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutar da lafiya. Sai dai labarin Merlot ya wuce batun sha. Yana nuna yadda suna da farashi ke faɗa wa mutum abin da zai ji a bakinsa tun kafin ya kurɓa, da yadda ake raina abu mai kyau don kawai talaka na iya sayensa.

Me ya sa Merlot ke da araha?

Asalin Merlot yankin Bordeaux ne, inda aka fara ambatonsa a rubuce a 1784. Ana danganta sunansa da wani baƙin tsuntsu da Faransawa ke kira merle. A yau shi ne inabin da aka fi nomawa a Faransa, kuma na biyu a duniya cikin inabin da ake yin giya da shi, bayan Cabernet Sauvignon.

Manoma na son sa saboda yana nuna da wuri, yana riga Cabernet da mako ɗaya zuwa biyu, don haka ana girbe shi kafin ruwan sama da sanyin ƙarshen shekara su ɓata shi. Yana ba da yabanya mai yawa, kuma yana karɓar ƙasa iri-iri, daga kudancin Faransa zuwa kwarin tsakiyar Kalifoniya da Chile.

Ɓawonsa ba shi da kauri, shi ya sa giyarsa ba ta da ɓauri sosai, irin ɓaurin da goro ko shayin da ya dahu da yawa ke barin mutum da shi a baki. Giya mai ɓauri sai an ajiye ta shekaru kafin ta yi laushi, sau da yawa a cikin gangar katako mai cin lita 225, wadda sabuwarta ta Faransa kan kai kusan dala dubu ɗaya. Merlot na iya fita kasuwa ba tare da wannan dogon jira ba.

Ke nan arahar ta samo asali ne daga sauƙin noma da sauƙin sarrafawa. Masu ɗanɗana ta sukan ce suna jin ƙamshin nunannun 'ya'yan itace irin su ceri, wani lokaci da ɗan cakulan, kuma ana samun wannan a kwalbar dala goma idan an yi aikin da kyau.

Fim ɗaya ya ɓata mata suna

A watan Nuwamban 1991 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS ya yaɗa ra'ayin cewa jar giya na iya kare zuciya. Amurkawa suka ruga kantuna, Merlot kuma ta fi samun kasuwa saboda laushinta. Manoma suka yi ta shuka ta ko'ina, har a wuraren da ba su dace ba, kasuwa ta cika da salamar giya.

Sai ga fim ɗin Sideways na Alexander Payne a 2004. Tauraronsa Miles, wanda Paul Giamatti ya fito a matsayinsa, ya rantse zai tashi ya bar wurin cin abinci idan wani ya nemi Merlot, yana kuma yabon Pinot Noir. Wani bincike da Steven Cuellar na Jami'ar Sonoma State ya jagoranta ya gano cewa daga 2005 zuwa 2008 cinikin Merlot ya ragu da kashi 2 cikin 100, na Pinot Noir kuma ya ƙaru da kashi 16.

Abin dariyar shi ne, kwalbar da Miles ya fi ji da ita a fim ɗin, Château Cheval Blanc ta 1961, haɗi ce ta Merlot da Cabernet Franc. Dubban mutane sun guji abin da suke jin daɗinsa jiya saboda wani mutum da babu shi a zahiri ya yamutsa fuska.

Ko masana'antar kanta ta taɓa ruɗewa. Manoman Chile sun daɗe suna sayar da wani inabi da sunan Merlot, sai a 1994 masanin Faransa Jean-Michel Boursiquot ya gano cewa da yawansa Carménère ne, wani nau'i na daban.

Abin da bincike ya nuna

A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta na jami'o'in Caltech da Stanford sun sa mutum 20 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya suna faɗa musu farashinta. Giya ɗaya aka ba su sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya kuma aka ce ta dala 90 ce. Sun ce ta dala 90 ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya ƙara motsi. Wato ba ƙarya suka yi ba, farashin ne ya sauya abin da suka ji.

A wannan shekarar kuma Robin Goldstein da wasu masana tattalin arziki sun duba sakamakon ɗanɗano fiye da 6,000 da aka yi ba tare da an nuna wa mutane kwalba ba. Waɗanda ba ƙwararru ba sun ɗan fi son mai araha. Ƙwararru ne kawai suka ɗan karkata ga mai tsada.

Shin tsadar yaudara ce?

Ba za a ce haka kai tsaye ba. Gonar Pétrus na kan wata irin laka da ba a samun ta ko'ina, ana rage yabanya da gangan don abin da ya rage ya yi ƙarfi, kuma kwalaben da ake fitarwa a shekara kaɗan ne. Wanda ya shafe shekaru yana horar da harshensa zai iya jin bambancin. Gaskiya ne kuma cewa akwai Merlot mai araha da ba ta da wani armashi.

Amma bambancin ɗanɗano bai kai bambancin farashi ba. Babu wanda zai iya nuna cewa kwalbar dala dubu uku ta ninka ta dala goma daɗi sau ɗari uku. Ragowar kuɗin na sayen ƙaranci ne da suna da damar nuna wa baƙi abin da ke kan tebur. Mai kuɗi na da 'yancin sayen wannan, amma bai dace a bar shi ya zama ma'aunin da za a kunyata wanda ya sayi mai araha kuma ya gamsu ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma sau da yawa maganar na tabbata. Labarin Merlot na nuna inda take da iyaka: wani abin arha ne domin yin sa ba ya cin kuɗi, ba domin an yi masa ha'inci ba.

Gwajin da masanan suka yi ba ya buƙatar na'ura, kuma ba sai da giya ba. Mai sayen turare ko shayi ko zuma na iya sa wani ya rufe sunan kamfani da farashi, ya gwada biyu ko uku, ya zaɓi wanda ya kwanta masa, sannan a buɗe. Idan mai tsadar ya zaɓa, ya san abin da yake biya wa kuɗi. Idan kuwa mai arahar ce, canjin ya koma aljihunsa.