TSOHON SOJA BA SHI DA ƊAKI, INA AMFANIN FURE?

Ko wace shekara, ran 15 ga Janairu, manyan ƙasar nan sukan taru a Abuja da hedkwatocin jihohi, a busa begila, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, wai ana tunawa da mazan jiya. Ba mu ƙi a tuna da matattu ba. Abin da muke tambaya shi ne, masu ran fa? Jama'ar Bici, ku duba rumfunan kasuwa da tashar mota bayan sallar isha'i, ku duba zaurukan da ake kwanan alfarma. Cikin masu shimfiɗa kwali a nan, in kun bincika, ba za ku rasa wanda ya taɓa ɗaukar bindiga domin ƙasar nan ba.

Wannan ciwo ba na yau ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun kwashi 'ya'yan talakawan Arewa, En'e na taya su tattarawa. An kai su Habasha a 1941, sa'an nan aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama, suka yi ta fama da Jafanawa cikin kurmi har 1945. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a kan barikoki, kamar Arakan da Dodan a Ikko. Amma da aka zo sallama, takardun Ingila da aka tono a 2019 sun nuna kuɗin da aka ba sojan Afirka bai kai rabin na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da mulki ya dawo hannunmu ba a sake zane ba. An kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da doka a 1964. Yaƙin basasa ya zo, daga 1967 zuwa 1970, sojan ƙasa ya tashi daga wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, bayan yaƙi kuma aka yi ta sallamar mutane. A farkon shekarun 2000 tsofaffin sojoji sun yi ta kwana a bakin titi a Abuja suna jiran fansho. A Janairun 2022 sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman haƙƙinsu. Tun 2009 kuwa ga yaƙin Boko Haram, yana ƙara mana guragu da zawarawa da marayu.

To, yaya mutumin da ke da dangi yake rasa ɗaki a garinsu? Ku manoma kun fi kowa sani. Ƙasarmu ta nan matsattsiya ce, gona na jikin gona, babu dajin da mutum zai sara. Yaro ya tafi soja ya yi shekara ashirin ko talatin. Uban ya rasu, gandu ya watse, an raba gado, rabonsa ɗan fegi ne, watakila ma an jinginar ko an sayar. Ɗakin bariki kuwa aro ne, ranar da aka sallame shi ranar zai ba da mabuɗi. Kuɗin sallama in ya makara, haya da bashi da magani sun cinye shi tun bai zo ba. Ga shi bai iya fatauci ba, ƙarfin noma ya ƙare. Haka namiji yake komawa ɗan kwanan shago, kunya kuwa ta hana shi faɗa.

Wadansu za su ce mana, ai soja ne suka danne mu shekara da shekaru, me ya kai mu tausayinsu? Amsa ita ce, waɗanda suka ci moriyar mulkin soja suna da gidaje a unguwannin manya. Wanda ke kwana a rumfa kurtu ne ko kofur, ɗan manomi, ƙanen mai tireda. Talaka ne ya sa kaki, ya tuɓe ya dawo talaka. Tun ranar da aka kafa NEPU a Kano, 8 ga Agusta 1950, gwagwarmayar talakawa ba ta taɓa ware irin wannan mutum ba.

Wadansu kuma za su ce abin ba shi da magani. Yana da shi. A Amurka, a 2010, an ƙidaya tsofaffin sojoji marasa wurin kwana wajen 74,000. A 2024 sun ragu zuwa wajen 33,000, watau fiye da rabi ya tafi. Dabararsu ba tsafi ba ce. Da fari suna fita dare ɗaya cikin Janairu su ƙirga mutanen, garuruwa da yawa kuma suna riƙe da sunan kowa a takarda. Na biyu, sai su fara ba mutum ɗaki tukuna, gwamnati na biyan mafi yawan haya, sa'an nan a bi shi da magani da neman aiki. Mu ba mu da kuɗin Amurka, amma rubuta suna ba ya bukatar dala.

Sabo da haka ga abin da muke nema.

Na ɗaya, Ƙaramar Hukumar Bici ta sa masu unguwa da dagatai su rubuta ko wane tsohon soja da matar marigayin soja, da inda suke kwana.

Na biyu, a ba marasa gida fili. Kada a ce mana maganar soja ta Tarayya ce. Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin zama da na noma a karkara. In ana samun fulotin da za a ba 'yan siyasa, a samo na kurtu.

Na uku, kuɗin bajon tunawa da sojoji da ake tarawa ko wace shekara, a buga lissafinsa a fili, nawa aka tara a Jihar Kano, wa aka ba.

Na huɗu, duk lokacin tantance masu fansho, a aiko ma'aikaci har Bici ya taimaki tsofaffi da marasa lafiya, kada kuɗin mota ya cinye abin da ake nema.

Na biyar, in za a raba rumfuna a kasuwar Bici ko ta Badume, a ware wa tsofaffin sojoji da zawarawansu rabo.

Mu ma akwai namu aikin. Ku 'yan kasuwa, ku ne kuka san mai kwana a bakin rumfarku. Ku tambaye shi cikin mutunci, ku kai sunansa da lambarsa ta soja ga sakataren reshenku, shi kuma ya kawo ofishin jam'iyya. Da wannan takarda za mu tsaya gaban Ciyaman da kansiloli, mu karanta suna ɗaya ɗaya, don kada kowa ya ce bai sani ba. Wanda ya yi gadin ƙasa tana barci, ya cancanci ƙofar da zai rufe ya yi nasa barcin.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.