Eve Muirhead: Mai Haƙuri Ke Dafa Dutse

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Sukotland, inda ake wani wasa a kan ƙanƙara da suke kira kalin. Kowace ƙungiya mutum huɗu ce. Ɗaya zai tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 ya sulale zuwa wani da'ira da aka zana, biyu kuma su bi shi suna goge ƙanƙarar gabansa da buroshi don ya ƙara nisa, ya rage karkata. Wadda dutsenta ya fi kusa da tsakiya ita ke samun maki.

Gwanar da muka zaɓo muku ita ce Eve Muirhead, wadda aka haifa a 1990. Gado ta yi, domin mahaifinta Gordon ma ɗan wasan ne. Sau huɗu tana lashe gasar matasa ta duniya, kuma a 2013, tana da shekara 22, ta jagoranci ƙungiyarta suka ci kofin duniya na manya a birnin Riga.

Sai dai gasar Olamfik ta hunturu ta daɗe tana ba ta wuya. A 2010 a Vancouver an fitar da ita tun zagayen farko. A 2014 a Sochi tagulla ta samu. A 2018 a Koriya ta Kudu, dutsenta na ƙarshe ya kuskure, Japan ta ɗauke tagulla, ita ta koma gida hannu rabbana. A shekarar kuma aka yi mata tiyata a ƙugu. A gasar duniya ta 2021 ƙungiyarta ta zo ta takwas, sai da ta bi ta gasar neman gurbi kafin ta samu tikitin Beijing.

A Beijing, a watan Fabrairun 2022, da ƙyar suka haye zagayen farko. Daga nan suka doke Suwidin 12-11, sannan suka lallasa Japan ɗin nan 10-3 a wasan ƙarshe. Zinaren nan shi kaɗai Birtaniya ta samu a gasar baki ɗaya. A watan Agusta Eve ta yi ritaya.

Ku lura, shekara 12 ke tsakanin zuwanta na farko da zinarenta. Muna tuna muku wannan ne saboda ɗaliban da ke ganin faɗuwa jarrabawa sau ɗaya ta rufe musu ƙofa, har su ajiye littafi. Eve ba ta ajiye dutse ba. Kowace faɗuwa sai ta koma atisaye, a wasu lokutan ma da sabbin abokan wasa. In darasi ya kayar da kai, nemi inda ka kuskure, tambayi malami, shiga cikin masu nazari tare, ka sake zama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.