Ɗan Gida Da Aka Mai Da Shi Baƙo

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasar Indiya, watau wai Hindu su ne masu gida, Musulmi kuwa baƙi ne. Ya kamata malamai da akawuna su san tushenta, gama da alli da alƙalami ake wannan aiki.

Asalinta wani littafi ne mai suna Hindutva, wanda Savarkar ya buga a 1923. A ganinsa ɗan ƙasa na sosai shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa, kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki. To, da yake alƙiblar Musulmi tana Makka, an fid da su ke nan. A 1925 aka kafa ƙungiyar RSS bisa irin wannan ra'ayi, daga jikinta kuma jam'iyyar BJP ta tsiro, wadda ta kai Narendra Modi kan mulki a 2014.

Mu dubi abin da ya biyo baya. A 2018 aka sake wa birnin Allahabad suna, ya koma Prayagraj. A 2019 aka yi dokar sauƙaƙa zama ɗan ƙasa ga mabiya addinai shida da suka shigo daga Pakistan da Bangaladash da Afghanistan, ban da Musulmi. A shekarar ce kuma aka fitar da rajistar 'yan ƙasa a jihar Assam, mutum wajen miliyan 1.9, Musulmi da Hindu, ba su ga sunansu ba. A 2023 aka cire waɗansu darussa na tarihin sarakunan Mughal daga littattafan sakandare.

Amma gaskiya ba ta ɓuya. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172, yawancinsu kuwa jikokin 'yan ƙasar ne da suka musulunta. Da aka raba ƙasa a 1947, iyayensu suka zauna. Ministan ilmi na farko ma, Maulana Abul Kalam Azad, Musulmi ne.

Mu dai a ganinmu, inda mutum ke fuskanta in zai yi salla ba shi ke nuna inda aka binne cibiyarsa ba. Malamin da ya tsallake babi, da akawun da ya tsallake suna, lalle su sani haƙƙin mutane ne a wuyansu. Allah ya kiyashe mu.