Ƙwarƙwata da Ƙazuwa: Wadda Ya Kamata Ku Fi Tsoro

Idan uwa ta ga ƙwarƙwata a kan 'yarta, ranar ba a zama. A tsefe kitso, a nemo kananzir, wani lokaci har da aska. Amma yaro zai yi wata uku yana sosa hannu da gindi duk dare, a ce ai ƙazuwa ce, ta yara ce, za ta wuce. A ganina mun juya abin. Wadda muke ruɗewa a kanta ba ta kai wadda muke rainawa haɗari ba.

Ƙwarƙwata ana ganinta da ido. Girmanta kamar ƙwayar riɗi, ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi daga kai zuwa kai idan yara sun haɗa kai wajen wasa ko barci, ko kuma ta bi matsefi da kallabi. Tana manne ƙwanta a jikin gashi kusa da fata, musamman a ƙeya da bayan kunne. Amosani yana kakkaɓuwa, ƙwan ƙwarƙwata kuwa sai an ja shi da farce. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Idan ta faɗo daga kai, ba ta wuce kwana 2 da rai. Tana sa ƙaiƙayi, tana hana barci, amma ba a san ƙwarƙwatar kai da yaɗa cuta ba. Kuma ba alamar ƙazanta ba ce: jini take nema, kai mai tsabta ma yana da jini.

Maganinta haƙuri ne da matsefi mai ƙananan haƙora. Ku tsefe kitson, ku jiƙa gashin da mai, ku taje kashi-kashi tun daga tushe, kuna goge matsefin a farin ƙyalle. Ku maimaita duk bayan kwana 3 ko 4 har sati 2, domin ku kama waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su yi nasu ƙwan. Akwai maganin shafawa na farmetirin a kantin magani, amma dole a sake shafawa bayan sati ɗaya, don ba ya kashe ƙwai duka. Aski yana yi wa yaro namiji. Yarinya kuwa, kada a aske ta a tura ta makaranta ta zama abin dariya saboda abin da matsefi zai iya yi.

Ga abin da nake roƙonku da babbar murya: kada ku zuba wa yaro piya-piya, ko maganin feshin auduga da wake, ko kananzir, ko fetur a kai. Maganin feshi yana ratsa fata ya shiga jini. Yaro ya fara dalalar da miyau, yana amai da gumi, numfashi yana sarƙewa, kuma yana iya mutuwa kafin a kai asibiti. Kananzir yana ƙona fata, kuma a gidan da ake girki da itace, tartsatsi ɗaya ya isa. Idan an riga an zuba, ku cire masa tufafi, ku wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ku kawo shi tare da kwalbar maganin.

Ƙazuwa daban take. Ƙwaron da ke kawo ta bai kai rabin milimita ba, ba za ku gan shi ba. Macen tana haƙa rami a cikin fata, tana ajiye ƙwai 2 ko 3 kowace rana. Saboda haka wanka da soso ba ya fitar da ita, ko da an yi sau biyar a yini. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Ku duba tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu, gindi da al'aura, da kewayen kan nono ga mata. A babba ba ta cika hawa kai ba, amma jariri tana kama shi har tafin hannu, tafin ƙafa da fatar kai. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna sosa da dare, kusan ba sai an tambaya ba.

Haɗarinta yana cikin susar. Farce yana fasa fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙuraje su yi mugunya. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin suna taɓa ƙoda: bayan 'yan makonni sai fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar baƙin shayi. Iyaye da yawa ba sa haɗa wannan da ƙurajen watan jiya. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 200 suna ɗauke da ita a kowane lokaci.

A asibiti muna ba da ruwan benzil benzowat, ko man farmetirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko man farar wuta ga jarirai da masu ciki. Benzil benzowat yana da zafi, ana sirka wa yara shi, ma'aikacin lafiya ne zai gaya muku yadda za a yi da tsawon lokacin da zai zauna a jiki. A shafa daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙuraje kaɗai ba, har ƙarƙashin farce, a sake bayan sati ɗaya. Ƙwayar ibarmektin, wadda kuka sani da sunan Mectizan, ita ma tana yi, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma tana da haɗari ga wanda ya zauna a dazukan kudancin Kamaru. Kada ku saye ta a kasuwa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a yi wa yaro ɗaya magani a bar sauran. Wanda ya kamu karo na farko yakan yi sati 4 zuwa 6 bai ji ƙaiƙayi ba, alhali yana yaɗa ta. Don haka duk mai kwana a ɗakin, da mai goyo, da maigida da kansa, a shafa musu a dare ɗaya. Na san kuɗin maganin mutum takwas ba wasa ba ne, amma sayen na mutum ɗaya ana ta maimaitawa asarar kuɗi ce. Washegari a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda sati ɗaya, ƙwaron ba ya wuce kwana 3 ba tare da jikin mutum ba.

Ƙaiƙayi yana iya ci gaba sati 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada ku yi ta ƙara shafawa. Amma idan sababbin ƙuraje sun fito, ko akwai mugunya da zazzaɓi, ko fuska ta kumbura, ko fata ta yi kauri tana ɓamɓarewa, ku zo ranar nan, kada ku jira ranar kasuwa.