Nozul ba ya rage shan man jirgi sai da hannun matuƙi

Manomin gero a Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, ba ruwansa da jirgin sama sai a lokaci guda: idan amfani ya fara nuna, tsuntsayen jan baki kuma suka taso daga cikin kacalar fadamar Hadeja da Nguru. A nan ne yakan zuba ido ko ƙaramin jirgin feshi zai zo. Zuwan jirgin kuwa lissafi ne da ake yi a ofis: sa'o'in tashi nawa kuɗin da aka ware za su saya? Shi ya sa duk takardar da ta yi alƙawarin rage shan mai ke da farin jini, balle tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, kunnen kowa ya buɗe ga irin wannan magana.

Ɗaya daga cikin alƙawuran shi ne a sauya wa ƙananan jirage masu injin fistan nozul, a cire na asali a sa na wani kamfani. Maganar tana da tushe. A irin wannan inji, nozul ɗin masana'anta iri ɗaya ne a kowace silinda, amma iskar da ke shiga silindojin ba daidai take ba. Idan matuƙi ya fara rage mai a sama, wata silinda kan ji yunwa tun sauran na ƙoshe, injin ya soma kakkarwa, tilas ya mayar da man. A 1996 kamfanin GAMI na jihar Oklahoma a Amurka ya fito da nozul da aka auna wa kowace silinda nata, domin dukkansu su kai ƙololuwar zafin hayaƙi kusan lokaci guda. Da haka matuƙi zai iya ƙetare wannan ƙololuwa, ya ci gaba da rage mai injin na tafiya lafiya.

To, a nan gizo ke saƙa. Nozul ɗin bai rage ko ɗigo ba, dama kawai ya bayar. Matuƙin da ya ci gaba da tuƙi yadda ya saba zai sha man da ya saba sha. Wanda zai ci moriyar sai ya samu horo, da na'urar da ke nuna zafin kowace silinda, ya kuma yarda gudun jirgin ya ɗan ragu. Ribar ta fi fitowa a doguwar tafiya miƙaƙƙiya. Aikin feshi kuwa ƙasa-ƙasa ake yi, ana juyi ana komowa da kaya mai nauyi, lokacin da inji ke neman mai sosai don kada ya yi zafi. Injin da ke da kafireto ma ba shi da nozul ɗin da za a sauya.

A aikina na gyaran labarai na lura cewa jimlar "zai rage shan mai" ba ta cika zuwa da lamba ba, idan ma ta zo, daga bakin mai sayarwa take. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 da aka ce suna rage shan man mota, ba ta samu wadda ta kawo wani sauyi na a zo a gani ba. Nozul ɗin jirgi ya fi waɗannan gaskiya, amma mai laya ya kiyayi mai zamani.

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta bi wata hanya dabam. Man Avgas da tsofaffin jiragenta na horo ke sha shigo da shi ake yi, ga tsada ga wuyar samu. Sai ta sayo jiragen Diamond DA40 da DA42, masu injin fistan da ke shan kananzir ɗin jirgi, wanda ake samu a manyan filayen jiragen ƙasar nan. A ganina wannan ya fi taɓa ainihin ciwonmu.

Saboda haka, hadimin da irin wannan takarda ta iso teburinsa ya tambayi wane inji ne a jirgin tun kafin ya duba farashi. Sannan ya nemi rajistar man da aka sha a kowace sa'a kafin sauyin, ya sa a rubuta cikin kwangila cewa ragowar kuɗin sai an gwada ta da rajistar bayan sauyi, a jirgi ɗaya, a aiki iri ɗaya.