Zubar jini bayan haihuwa: bincike ya nuna mafita, saura kayan aiki su kai karkara

Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego a duniya. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa yana samun mata kusan miliyan 14 a shekara, kimanin 70,000 kuma su rasu. Bincike biyu da aka wallafa a 2023 sun nuna ana iya hana yawancin waɗannan rasuwa da kayan da ba su da tsada.

Na farko a nan Nijar aka yi shi. Daga 2015 zuwa 2020, ma'aikatar kiwon lafiya da ƙungiyar HDI sun bi wani tsari mai matakai uku a asibitocin ƙasar. Ana fara ba mai jego ƙwayar misoprostol. Idan jinin bai tsaya ba, a saka kororon roba da aka ɗaura wa tiyo cikin mahaifa, a cika shi da ruwa domin ya danne jijiyoyin da ke zubar da jini. Mataki na uku wata riga ce mai matse ƙafafu da ciki, wadda ke riƙe jini a zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa babban asibiti. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga ya nuna mutuwar mata dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi.

Na biyu, mai suna E-MOTIVE, ya shafi mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An daina kimanta jini da ido, aka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa. Da an ga jinin ya yi yawa, sai a haɗa tausar mahaifa, allurar oksitosin, maganin daskarar da jini da ƙarin ruwa a lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Darasin duka biyun ɗaya ne: jinkiri ne ke kisa. A nan kuma ƙalubalen Nijar yake. Oksitosin na buƙatar sanyi, alhali CSI da yawa a karkara ba su da tsayayyar wutar lantarki. Gwamnati ta mayar da haihuwa kyauta a asibitocinta a 2024, amma kyautar ba za ta ceci rai ba idan kantin magani ya ƙare ko babu motar ɗaukar mara lafiya. Rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025 ya ƙara ɗora nauyin sayen kayan kan kasafin kuɗin ƙasa.

Iyalai ma na da nasu rabo. Ɗan ci-rani da ke aiko kuɗin ragon suna daga Libiya ko Abidjan zai iya ware na awon ciki da na mota tun kafin naƙuda, a kuma tanadi ɗan'uwan da zai ba da jini, domin zubar jini mai tsanani na iya kashe mace cikin awa biyu kacal.