Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Kan Rigimar Turaren Samarinmu

Iyayenmu dattawa, malamanmu, da sauran 'yan'uwa Hausawa mazauna Adjamé da Treichville da kewayen Abijan.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, har ta fara shigowa zauren mai gida cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa, a jere da rigimar haya da ta aure. Maganar kuwa ita ce turaren nan da samarinmu suka raja'a a kansa, mai zaƙi da ɗan yaji, wanda in mai shi ya gifta sai ka ji kamar an haɗa kirfa da dabino da zuma an tafasa. Wasu dattawa sun ce ƙamshin mata ne, duk namijin da ya fesa shi ya zubar da girmansa. Wasu sun ƙara da cewa akwai giya a ciki, saboda haka sallar mai shi ba ta yi ba. Har ta kai ana tsawata wa yaro a bakin masallaci ranar Juma'a, a gaban jama'a, a ce ya koma sahun baya ko ya je ya sake riga. Mun san samarin da tun ranar da aka kunyata su ba su sake taka masallacin unguwa ba. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami, kuma tun farko mu faɗa ƙarara: hujjar farko ba ta da tushe ko kaɗan, ta biyu kuwa saɓanin malamai ne aka ɗauka aka mai da shi sanda.

Kafin a yanke wa yaro hukunci, a tuna ko wane ne shi. Shi ne wanda ke tsaye tun hantsi a rumfar garba yana soya kifi, hayaƙin mai yana shiga rigarsa da gashin kansa, har mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa abincin sunan irin namu. Shi ne mai gashin nama a bakin titi, da ɗan dako a Forum, da mai sauke buhu a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Ya yi kwana shida cikin ƙarni da gumi, ranar Juma'a ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau ɗaya tilo, ya fesa abin da aljihunsa ya iya saya, don kada ya cutar da na kusa da shi a sahu. Niyyarsa ke nan. Wanda ya zo da irin wannan niyya, addu'a ya cancanta kafin gyara.

To, mu zo ga hujjar farko. Wa ya ce zaƙi na mata ne? A wane littafi aka karanta? Mu dai da muka durƙusa a gaban malamai, abin da muka ji shi ne ruwayar da Tirmizi da Nasa'i suka kawo daga Abu Huraira, wadda ta bambance turaren maza da na mata da abu biyu, launi da bayyanar ƙamshi: na namiji ƙamshinsa ya fito launinsa ya ɓuya, na mace launinsa ya fito ƙamshinsa ya ɓuya. Ba a ambaci zaƙi ko ɗaci ba. A ma'aunin nan, ruwan turaren da ba ya ɓata farar riga kuma ana jin sa daga nesa, siffar turaren maza ke gare shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita almiski a kan sauran turaruka. Duk wanda ya taɓa shaƙar almiski ya san ƙamshi ne mai taushi da ɗumi, ba mai kaushi ba.

Raba ƙamshi gida biyu, a ce furanni da zaƙi na mata, itace da lemun tsami na maza, tsari ne na shagunan Turai, an yi shi don sauƙin talla. Su kansu Turawan sun daɗe da rushe shi. A 2008 Paco Rabanne ya fitar da 1 Million, kwalbarsa kamar curin zinariya, cike da kirfa da zaƙi, kuma maza aka yi wa shi. Daga baya kamfanonin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, irin su Lattafa, suka shigo da nasu da araha, kamar Asad da Khamrah, su ne suka cika teburan 'yan kasuwa daga Adjamé har Kantin Kwari. Abin mamaki, dattijon da ke ganin yana kare al'adar kaka da kakanni, ƙa'idar Bature yake karewa, wadda Baturen ma ya yar.

Mu leƙa aljihun dattawan namu, cikin ladabi. Wace ƙaramar kwalba ce ke ciki, wadda ake ɗiga wa gemu da wuyan riga kafin a tafi Idi? Bintu Sudan. Ma'anar sunan 'yar Sudan, da hoton yarinya ma a jikin takardar. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya haɗa ta a 1920, daga baya aka riƙa ɗura ta a Kano, kuma shekara ɗari ke nan maza da mata suna shafa ta, ango da amarya, liman da ladan. Tana da zaƙi, tana da ƙamshin fure. Ba mu taɓa jin an kori wani alhaji daga sahun gaba saboda ita ba. Haka sandal da ambar da za'afaran da alhazai ke tsarabarsu daga Makka. Kirfa da kanumfari da masoro kuwa, waɗanda su ne yajin da ake ji a turaren samarin, kayan ƙamshi ne da kasuwar Kurmi ta sani tun zamanin da madugai ke bin hanyar Gwanja da kanwa da tufafi su komo da goro. In har zaƙi na zubar da mazantaka, to ta daɗe da zubewa, kuma ba 'yan bana ne suka fara ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba za mu raina ta ba. Gaskiya ne turaren fesawa ana narkar da shi cikin sinadarin alkohol, wanda shi ne ke bugarwa a cikin giya. Gaskiya ne kuma a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ke bugarwa mai ruwa-ruwa najasa ne. Shaihu Muhammadul Amin Shinƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, wanda ya rasu a 1974, yana cikin waɗanda suka hana shafa irin wannan turare. Duk wanda ya bi wannan ra'ayi ya tsaya ga na mai, ya yi tsantseni, Allah ya saka masa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙurɗubi, malamin Malikiyya, ya kawo a tafsirinsa cewa Rabi'a, malamin Imamu Malik kansa, da Laisu bin Sa'ad, da Muzani almajirin Shafi'i, suna ganin shan giya ne haram, amma jikinta ba najasa ba ne. Daga cikin hujjojin da aka kafa wa wannan ra'ayi akwai yadda Sahabbai suka kwararar da ita a titunan Madina ranar da aka haramta ta, alhali titunan nan ne ake takawa zuwa masallaci. A zamanin kusa, Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawar tsarkin alkohol ɗin turare, kuma gidan fatawa na Masar a kan haka yake. Ƙari a kan wannan, wanda ake sa wa turare yawanci an gauraya shi da abin da ke hana shansa, kuma cikin ɗan lokaci yake bushewa ya bi iska.

Wasu sun ga an rubuta Khamrah a jikin kwalba sai suka ce ai ga shaida, mai kayan ma ya faɗa da bakinsa. Ɗalibin Larabci ya san saiwar kalmar tana da rassa. Daga gare ta aka sami himari, mayafin mace. Daga gare ta aka sami sunan 'yar tabarmar da Buhari ya ruwaito Annabi yana salla a kanta. Daga gare ta kuma aka sami humrar da matanmu ke haɗawa da farce da sandal a bar ta ta tsumu. Ko da ma giyar mai kamfanin ya nufa, to ya zaɓi mummunan suna, amma hukunci na bin abin da ke cikin kwalba ne.

Mas'ala ce ke nan ta saɓani, manya a nan, manya a can. Ƙa'idar da aka karantar da mu ita ce ba a yi wa mutum tsawa a kan abin da malamai suka yi ijtihadi suka saɓa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta jan kunnen ɗalibai a littattafansa kan tsananta wa talakawa a irin waɗannan wurare. Mu tuna da baƙauyen nan da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi, najasar da babu mutum biyu da suka saɓa a kanta. Sahabbai suka taso masa, Annabi ya hana su, ya bari ya gama, ya sa aka zuba guga na ruwa, sannan ya kira shi ya koya masa cikin taushi. In wannan ne aka yi wa mai fitsari, da wace hujja za a tozarta mai turare?

Yanzu kuma ku, 'ya'yanmu da ƙannenmu, kada ku ɗauka mun wanke ku tas. Akwai laifinku, kuma shi ne ya ba masu tsawa ƙofa.

Na farko, yawa. Abijan ba Maraɗi ba ce, ba Katsina ba ce. A can hunturu da busasshiyar iska suna cinye ƙamshi. A nan, tsakanin teku da tafkin Ébrié, iska jiƙe take da laima, zafi kuma na tayar da turare mai zaƙi ya yi nauyi ya tsaya a wuri ɗaya. Ga kuma dabarar hanci: in ya daɗe yana shaƙar abu ɗaya sai ya daina jin sa. Shi ya sa mai turare ke ɗauka nasa ya gudu ya ƙara fesawa, alhali na kusa da shi a gbaka kansa na sarawa. A cikin sahu akwai mai asma, akwai tsoho mai ciwon ƙirji. Shari'ar da ta ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, dalilinta cutar da mutane ne, kuma cutarwa ba ta zama halal don ta fito daga kwalba mai tsada. Fesa biyu ko uku sun wadatar.

Na biyu, jabu. Araha ba ta ado. Kwalbar da aka shimfiɗa a ƙasa cikin rana, kwalinta kamar na asali, kuɗinta bai kai rubu'in na asali ba, babu wanda ya san abin da aka ɗura mata. Akan sami na jabu da aka haɗa da metanol, sinadari mai guba, ko wasu abubuwan da ke ƙona fata. Wannan ya fi zaƙi cancantar wa'azi, amma ba mu ji ana yi ba.

Na uku, bashi. Yaron da mahaifiyarsa ke jiran saƙo a ƙauye, ya ɗauki ribar mako ya zuba a kwalba don abokai su ce ya haɗu, ko ya ci bashi don ya tara kwalabe biyar a kan taga, wannan ya bar sunna ya kama almubazzaranci. Ƙamshin da ya fi kowanne shi ne a ce yaron nan ba ya cin amana, ba ya ƙin biyan bashi.

Muna kuma tuna muku da tsofaffin masu tallar turaren mai, waɗanda ke zaune da 'yan akwatunansu na gilashi a bakin babban masallacin Adjamé da masallatan Treichville. Da wannan sana'a wasunsu suka yi aure, suka aurar, suka je Makka. Turaren mai yana kwanciya a jiki, ba ya cika ɗaki, babu kuma wanda ya yi saɓani a kan tsarkinsa. Wanda ya ware Juma'a ga na mai, ya bar na fesawa ga biki da kasuwa, ya fita daga saɓani, ya kuma taimaki tsohon da ya riga shi zuwa garin nan. Shawara ce, ba doka ba.

Iyayenmu, mu 'yan kaɗan ne a wannan birni. Yaran da aka haifa a nan, da yawansu Faransanci da Dyula da nushi sun fi Hausa sauƙi a bakinsu. Abin da ya rage yana ɗaure su da mu shi ne masallacin unguwa, da zauren mai gida, da taron suna da jana'iza. Duk yaron da muka kora daga nan, akwai mashaya a kowane lungu da ke maraba da shi, ba ta kuma tambayar wane turare ya fesa. In an ga gyara, a ja yaro gefe bayan salla, a ciro kwalbar aljihu a ɗiga masa a hannu, a ce ɗana gwada wannan. Annabi ba ya mayar da kyautar turare, yaron ma ba zai mayar ba.

Muna roƙon limamanmu su ware huɗuba ɗaya su bayyana wa jama'a ra'ayoyin nan biyu yadda suke, kowane da hujjarsa, sannan a bar kowa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Har zuwa lokacin, kada a sake tayar da kowa daga sahu saboda ƙamshi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya haɗa kanmu a wannan ƙasa ta baƙunci, ya sa mu shaƙi ƙamshin Aljanna. Wassalamu alaikum.